Baƙon da Aka Tare a Ƙofa

Barira na cikin ɗaura goyo, surukarta Hajja Bintu ta gitta sanda a ƙofar zaure.

"Ina za ki kai mini jika? Wurin masu bindiga?"

"Ba bindiga ba ce, Hajja, lamba ce. An ce da ƙafa ake taka abin, maganin ya shige ba allura."

Shekarar ana yaƙi a kudu, kowa ya ji an ambaci bindiga sai ya tsorata. Amma abin da ya fi ɓata wa Hajja rai shi ne mai shelar da ya zaga ƙauyensu Balan jiya yana kiran cutar da sunanta gatsal: ƙyanda. Ita tun tasowarta baƙon dauro ake cewa, a lallaɓa shi ya yi kwanakinsa ya wuce.

"Ba a tare baƙo a ƙofa," in ji ta. "In ya yi fushi fa?"

Barira ba ta iya musu da manya ba, sai ta sunkuyar da kai, tsoro ya cika ta. Sau biyu baƙon nan yana sauka a gidan. Ya tafi da ɗanta Badaru, ya bar 'yarta Gaji ba ido. Saura Inuwa, ɗan wata goma, wanda ke bayanta yana wasa da bakin mayafi.

Gaji ce, 'yar shekara shida, ta lalubo bango ta kama zanen kakarta.

"Hajja, da ya zo wurina, fushi ya yi?"

"A'a, 'yar nan. Mun lallaɓa shi, ko tsawa ba a yi a gidan nan ba."

"To don me ya tafi da idona?"

Can Hajja ta janye sandar, ta ce a kwance mata yaron, ita za ta ɗauke shi.

A ƙofar gidan dagaci layin mata ya kai har gindin tsamiya. Da aka zo kansu, malamin lamba, wani saurayi mai ladabi, ya rusuna.

"Iya, ya taɓa yin baƙon dauro?"

Hajja ta dubi Gaji da ke riƙe da zanenta, sannan ta miƙa masa damtsen Inuwa da hannunta.

"Ƙyanda za ka ce, ɗan nan. Baƙo ba ya yin haka."