Zagaye Uku a Ƙofar Gidan Garba

Rabo ya bar ƙauyensu da ke gefen Hawandawaki da sassafe a kan kekensa. Inda rairayi ya yi yawa ya sauko ya tura, inda ƙasa ta yi tauri ya hau, har ya kai gudron, wato titin kwalta. Ya ce wa iyalinsa irin wake zai sayo a Tasawa. Ƙarya ce. Irin wake na nan cike da tukunya a rumbunsa.

Shekara takwas ke nan da ya tashi daga unguwar da ya yi zaman shekara ashirin yana ɗinki a Tasawa, ya koma ƙauye. A al'ada mai tashi kan bi maƙwabta gida-gida ya nemi gafara. Rabo ya bi kowa, ya tsallake Garba, wanda katanga ɗaya ce ta raba su, don kawai indararon Garba na zubo ruwa a jikin ɗakinsa kuma sun yi musayar baƙar magana a kai. Girman kai ne ya hana shi, ba shi da wani suna. Yanzu ya ji Garba na kwance, sai zama ya gagare shi.

Yana shiga unguwar ya ga ta sauya. Inda teburin mai shayi yake a da an jera kwalaben esans na masu sayar da fetur, 'yan kabu-kabu da baburansu sun cika gindin itacen bedi. Ƙamshin tsamiyar kunun da ke fitowa daga lungun bayan lakwal, makarantar boko, kuwa bai sake ba, har ya rage gudu don ya shaƙa. A ƙauye yana da gona da awaki, amma ba wanda ya san shi yana saurayi.

Ya iso ƙofar Garba, ƙafarsa ta ƙi barin feda, ya wuce. Ya kewaya ta masallaci, ya tsaya wajen famfo ya sha ruwan da ba ya ƙishinsa, ya dawo, ya sake wucewa. A na uku Habsatu, matar Garba, tana tsaye a bakin zaure da tsintsiya.

"Malam Rabo, keken ne ba shi da birki, ko gidan ne ya ɓace maka?"

Ya sauko yana kame-kame. "Ina kwana, maƙwabciya. Hanya ce ta biyo da ni."

"Sau uku? Lallai hanyar nan tana sonka. Shigo, yana ciki."

Garba na kishingiɗe a tabarma, an tokare shi da matashi. Rabin fuskarsa ya zube, hannun dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Rabo ya durƙusa, ya cire hula, ya faɗi abin da ya yi ta bita a hanya.

"Garba, na tashi ban sallame ka ba. Na zage ka gaban 'ya'yanka. Ka yafe mini."

Garba ya dube shi. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito sai iska.

"Mi ya ce?" Rabo ya juya wajen Habsatu.

"Bakin ya tafi tun watan azumi," in ji ta. "Bara war haka da ka gitta nan da keken nan, yana zaune a dakali, yana da bakinsa. Har ya ce mini ga tela can, yau dai zai tsaya."

"To ke da kika san shi, ya yafe?"

"Ni ba zan ara mishi magana ba, Malam. Mu ma jira muke."

Rabo ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya dawo. Ya gyara wa Garba matashi, ya kore masa ƙuda, ya sake tashi ya leƙa rana. In bai kama hanya kafin la'asar ba, rairayi zai cinye masa sauran yinin. Ya koma ya zauna a gefen tabarmar, idonsa a kan leɓen Garba.