Itaciyar da Ba Ta Son Ruwa

Mani mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. Tun yana ƙarami aka san shi da haka a Babban Duhu, in ya ga rami sai ya zura kara ya ji abin da ke ciki. Don haka ba wanda ya yi mamaki da ya fara damun mutane da zancen wata 'yar itaciya da ya tarar a gefen gonarsa, daidai inda Buzaye masu fataucin gishiri kan sauke raƙumansu. A shekarun da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama ne. Bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙone ƙurmus, in ban da gawo ba wani kore a daji, amma itaciyar tana nan shar, ganyenta da kauri kamar jemammiyar fata. Abin da ya fi ɗaure masa kai, akuya kan zo ta sansana ta yi gaba.

Ya tsinki ganyen ya sa a aljihu ya shiga yawon tambaya. Barau makiyayi ya ce abin da shanu ba su ci, shi bai taɓa neman sunansa ba. Mai magani a kasuwar Safana ya murza, ya lasa, ya tofar, ya ce wannan sai dai can arewa, ƙasar da Faransa ke mulka. Malamin daji na En'e kuwa cewa ya yi in dai ba cikin gandun dajin Ruma take ba, babu ruwansa.

A gida ne ya gamu da abin da bai zata ba. Uwarsa Hansai tana zaune tana kaɗi ya ajiye ganyen a gabanta. Mazari ya tsaya cak a hannunta.

"Je ka tumɓuke ta," in ji ta.

"Kin san ta ne, Inna?"

"Ban san ta ba."

Da ta yi shiru tun farko, da watakila ya manta da abin bayan kwana biyu. Yanzu kam ta zuga shi. Ya saro ƙaya ya yi wa itaciyar shinge, ya riƙa ɗauko mata ruwa a tulu safe da yamma, maƙwabta suna yi masa dariya wai Mani ya yi amarya a gona. Ba a jima ba ganyen ya soma rawaya yana zuba. Hankalinsa ya tashi, ya ƙara yawan ruwan.

Shi ne ɗanta na fari, saboda haka Hansai ba ta kiran sunansa, saƙonta yakan bi ta wajen matarsa Mairo. Ran nan Mairo tana daka ta ji tsohuwa ta ce, kamar da turmi take magana, a gaya wa wancan mai taurin kan ya bar jiƙa itaciyar nan, ba ta son ruwa, kashe ta zai yi.

Ya daina, itaciya ta farfaɗo. Sai tambayarsa ta zama biyu. Kowa ya san Hansai a gidan wani mahauci ta tashi a Batsari, amma kafin nan fa? Mani ya tuna bai taɓa ganin ɗan'uwanta ko ɗaya ya zo suna ko biki ba, kuma shi mai zura kara a kowane rami bai taɓa tambayar dalili ba. Abin ya ba shi kunya.

Itaciyar ba ta gaggawa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, da ƙyar ta kai masa ƙugu. Sai a wata bazarar ta yi fure, gab da faɗuwar ruwa ta yi 'ya'ya ƙulu-ƙulu, kore, suka nuna suka koma rawaya. Ya fasa ɗaya ya tsotsa. Zaƙi da yauƙi. Ya zauna a inuwa yana sauraron cikinsa har la'asar, bai ji komai ba. A cikin kowane ɗa kuma akwai ƙwaya koriya mai kama da wake, ya tara rabin ƙwarya ya kai wa Mairo ta dafa masa kamar gujiya. Da ya ɗanɗana ya ji ɗaci har ƙwaƙwalwa, amma ya ce ai gauta ma da ɗacinsa ake ci, a ƙara kanwa.

Yana zaune da akushi a gabansa Hansai ta dawo daga barkar haihuwa. Ta leƙa. Bai san tana da sauran wannan ƙarfi ba, sai gani ya yi akushi ya kife, ƙwayoyi sun watsu a tsakar gida.

"Nawa ka ci?"

Ya ce ɗaya, ita ma ya tofar. Ta zauna a ƙasa, ko tabarma ba ta nema ba.

"Anza ce," in ji ta. "Ƙwayar kuwa dilo. Ba a ci haka nan, wawa."

Daga nan magana ta ɓalle mata. Ta ce a shekarar Kakalaba, babbar yunwar nan, tana 'yar yarinya suka baro garinsu can arewa, ita da uwarta da ƙanenta Gambo. Hatsi ya ƙare, dabbobi sun mutu, anza kaɗai ta rage da ganye a daji. Dilo suke ci, amma sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita. A wani zango suka jiƙa, suka tafi neman rijiya suka bar Gambo yana gadin tukunya. Yaron da ya kwana biyu bai ci komai ba. Da suka dawo tukunya ta yi rabi. Cikin da yunwa ta riga ta cinye bai iya ɗauka ba, a nan suka binne shi. Uwar ta iso da ita Batsari, ita ma ba ta kai lokacin kaka da rai ba.

Mani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce gobe da asuba zai sare itaciyar.

"Ka sare mi? Ita ta kawo ni nan da raina. Ganinta ne ban iyawa." Ta juya wajen Mairo. "Ɗebo ruwa, ɗiyata. Tunda yana son sani, bari ya sani da kyau."

Suka tsince ƙwayoyin aka jiƙa a tukunya. Kullum da safe Hansai da kanta ke tsiyaye ruwan ta zuba sabo, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza ta tofar, kuma ba ta yarda kowa ya kusanci tukunyar ba, har Mani. Shi kuma, abin da ba a saba gani ba, ya kame bakinsa bai ƙara tambayar komai ba.

Wata safiya ta ciza ba ta tofar ba. Ta tauna a hankali ta haɗiye, ta tsaya da hannu a bakin tukunyar.

"Ka gani?" in ji ta. "Iyakarta ke nan. Da Gambo ya jira zuwa yau."