Tofin Malam Amidu

Hamamatu ta fito daga ɗakin maza na asibitin da hannunta na dama a dunƙule cikin mayafi, ta nufi ɗakin masu jego da sauri. Mijinta, Malam Amidu, yana kwance da gyambon ciwon suga a ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa. Tun da aka yi wa 'yarsu Nusrat aiki aka ciro jariri, kullum sai ya yi addu'a ya tofa a tafin Hamamatu, ita kuma ta kai ta shafa wa yarinyar a ciki. Famfon da ke bakin ƙofa kuwa, kewaye shi take yi. Wa zai wanke addu'ar malamin da duk unguwar Aboabo ke layi a zaurensa?

Yau ta tarar an mayar da gadon Nusrat can kusurwa, an ja labule. Ɗinkin ya kumbura yana ruwa, jikinta zafi rau.

Likitar, wata 'yar Asante mai Hausar zango, ta ja Hamamatu gefe. Ta ce an gwada ƙwayar cutar, magungunan da suka saba bayarwa duk ba sa kashe ta, saura guda ɗaya, shi ma ba tabbas. Ta ce ƙwayoyin nan dangi-dangi ne, kowane ɗaki da irin nasa, amma wannan ba a taɓa ganinta wajen masu jego ba. Ita ce sak wadda ke ƙafar wani tsoho a ɗakin maza, shi ya sa ake zargin nas-nas.

"Maame, ba mu san wanda ya kawo ta nan ba," in ji ta. "In bai daina ba, jariri ma zai kamu."

Tsoro ya kama Hamamatu. Malam da hannunsa yake gyara bandejinsa, da shi kuma yake riƙe nata in zai tofa.

Nusrat ta buɗe ido da ƙyar, ta janye zanen da ke kan cikinta.

"Mma, kin kawo saƙon Baba? Yau ki fara shafa wa yaron."

Hamamatu ta dubi jaririn, ta dubi dunƙulallen hannunta. Ta juya ta koma bakin famfo, ta ɗauki sabulu.

"Ya ce yau daga can zai yi miki," ta ce, ba ta waiwayo ba.