Ƙafar Jakin Maiguwa

Bakin wuƙar ya karye daidai lokacin da jakin ya fizge ƙafarsa. Ɗantala, wanda aka sa riƙon ƙafar, ya ji ƙas, ya ga guntun ƙarfe ya yi tsalle ya faɗa cikin kashin awaki. Maiguwa na zaune a ƙasa yana duban abin da ya rage a hannunsa, ƙota da ɗan gutsuren da bai kai farce ba. Bai yi salati ba, bai zagi jakin ba. Tari ne ya taso masa, wanda yake fama da shi tun kaka, har sai da ya dafa ƙasa.

"Tela," ya ce da numfashi ya dawo, "miƙo taka."

Ɗantala ya ce ya baro ta gida.

Wuƙar kuwa tana aljihun dama, kwance a cinyarsa kamar kullum, kuma yadin wandon ba mai kauri ba ne. Shi ya ɗinka, ya sani. Maiguwa ya dubi aljihun, ya dubi fuskar maƙwabcinsa, ya yi murmushi da sauran haƙoransa. Ya ce to, a bari sai gobe, zai aro wata.

Wuƙaƙen nan biyu rana ɗaya aka saye su, a teburin mutum ɗaya a Abijan, zamanin da su biyun suka tafi bida, neman kuɗi, suna samari. Irin na aljihu ne masu naɗewa, ƙotar itace, da ɗan zobe da ake ja kafin bakin ya koma gidansa. Ɗantala ya dawo ƙauyensu na kusa da Garhanga da keken ɗinki da wuƙarsa. Maiguwa ya dawo da wuƙarsa da labarai.

Rumfar ɗinkin tana kallon ƙofar gidan Maiguwa, don haka Ɗantala ya ga rayuwar waccan wuƙar tun ƙuruciyarta. Da ita ake gyara kofato, da ita ake fasa ƙurjin akuya a ciro tsutsa. Ta yanka tsohuwar taya an yi takalmi, ta huda bidon, jarkar ruwa, ta kankare tsatsar amalanke, ta tone magudanar makewayi duk daminar da ta toshe. In an gama sai Maiguwa ya goga ta a cinya, gaba da baya, ya yanka mangwaro ya miƙo yanki a tsininta. Ɗantala ya ce yana azumi. Duk ƙasar Adar ba a taɓa yin mutumin da ke yawan azumin nafila lokacin mangwaro kamarsa ba.

Abin ya daɗe yana ɗaure masa kai. Ya zuba ido ya ga ranar da ciwon ciki zai kayar da Maiguwa, ranar ba ta zo ba. Lokaci-lokaci yakan karɓi wuƙar da yatsa biyu ya gwada ta da tasa, ya ga yadda dutsen wasa ya cinye ta har ta koma kamar ganyen gero, yana tambayar kansa iyakar sirancin da ƙarfe zai yi kafin ya daina zama wuƙa. Tasa kuwa ran Juma'a yake ɗiga mata man keke, ya buɗe, ya ga idonsa ɗaya a jikinta, ya rufe. Matarsa Mariyatu ta ce wuƙar ko zare ba ta taɓa yankawa ba. Maiguwa Hajiya yake kiran wuƙar, kuma da safe bayan ya gaida mutanen gida yakan tambaya ko Hajiya ta tashi lafiya.

Goben da aka ce ba ta yiwu ba. Maiguwa ya kasa tashi daga tabarma. A amalankensa aka ɗora shi, amma jakin wani ne ya ja, domin nasa yana tsaye da ƙafa uku a gindin itacen bedi. A bakin hanya aka sa shi mota zuwa likita a Keita.

Ɗantala ya bi shi a babur da kwanon fura. Ya same shi ya rame, an sa masa ruwa a hannu, yana kallon rufi. Maiguwa bai taɓa furar ba, kuma bai yi zancen jikinsa ba. Zancen kofato ya yi, kamar mai yi wa bango bayani. Ya ce abin da ya soki jakin waya ce, irin wadda aka ɗaure duwatsun tare ruwa da ita a cikin kwari, ta shige ta karye a ciki, bakin raunin ya rufe. Ya ce mutum ya danna da babban yatsa wuri-wuri, inda jakin ya fizge nan ne. Ya yi ta ferayewa kaɗan-kaɗan kamar mai feraye rogo, yana bin baƙin layi.

"To ƙaƙa mutum zai sani ya iso?" in ji Ɗantala. Bai yi niyyar tambaya ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Hancinka shi ka gaya maka."

A gadon kusa wata tsohuwa tana yi wa mijinta fifita da kwali. Sai Ɗantala ya ga in bai yi tambayar da ke cinsa shekara da shekaru yanzu ba, ba shi da wata rana.

"Maiguwa, don Allah. Ba ka taɓa jin ƙyama ba?"

"Kullum," ya ce. "Sai in goge."

Ya so ya yi dariya, tarin ya karɓe ta. Da Ɗantala ya tashi tafiya, Maiguwa ya ce ya gaida Hajiya.

Ba a yi mako ba aka dawo da gawarsa a bayan mota. Ɗantala ne ya yanka likkafani da almakashinsa, ya san tsawon mutumin ba sai ya auna ba. Kafin azahar an rufe shi a maƙabartar da ke bayan gari, inda ƙasa rabinta dutse ce, masu haƙa suna canza hannu. Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jakin yana can gindin bedi, ƙafar ta kumbura har gwiwa, ƙudaje na zagaya ta. Masu gaisuwa suka riƙa zama ta inda iska ba ta biyo ba.

Sulaiman, ƙanen mamacin, daga Madawa ya zo, yana da butiki, ɗan kanti, a bakin titi. Mutum ne mai son ya bar komai a kammale kafin ya koma. Bayan sadakar uku ya ce jakin nan ba zai yi rai ba, kuma ya san wani da ke zuwa ran kasuwa yana sayen jakai, ba ya tambaya ko suna tafiya. Kowa a tabarmar ya san me ake yi da jakin da ba a tambayar tafiyarsa. Fatarsa ake so.

Biba, matar Maiguwa, ta shiga takaba, ba ta fita. Ta bayan zana ta aika a kira Ɗantala. Ta ce ta aika wurin mahauci, ya ce wuƙarsa ta nama ce. Wanzami ya ce askarsa ba za ta iya kofato ba. Ta ce jakin nan shi ke ɗauko ruwa daga rijiyar kwari, nasu da na gidajen da suke sayarwa, da shi suke ci.

"Tela, in jakin ga ya tahi, ni ce jakin," ta ce. Ba ta yi zancen wuƙa ba. Ɗantala ya tsaya yana duban zanar, yana lissafin ko mijinta ya gaya mata, ko kuwa duk unguwar ta san abin da ke aljihunsa tun da can.

Ran kasuwa da hantsi Ɗantala ya fito da igiya, Mariyatu na bin sa da ƙyallayen atamfa. Ta kama kunnen jakin ta murɗe kamar yadda ta ga ana yi, ta ce yau za ta ga abin da ba ta gani ba tun aurenta. Sulaiman ya zo ya tsaya da shaddarsa yana cewa wahala ce kawai. Ɗantala ya ce tun da yana tsaye, ya riƙe ƙafar. Da yake a gaban mata ne, ya riƙe.

Zoben ya yi ƙas, bakin ya fito yana walƙiya. Ɗantala ya ga idonsa a ciki, idon bai nuna jarumta ba. Ya danna kofaton nan, shiru. Ya danna can, shiru. Da ya danna kusa da dunduniya jakin ya yi wata fizga da ta zaunar da Sulaiman a ƙasa. Aka sake kamawa.

Ashe kofato yana ferayuwa. Wannan ya ba shi mamaki ƙwarai. Ya zaci kamar dutse ne, sai ga shi yana fita ɓawo-ɓawo, fari daga ciki, kamar busasshen sabulu. Ga kuma baƙin layin, siriri kamar zare, yana nan inda aka ce. Ya bi shi. Gumi na shiga idonsa, amma yana son ya ga inda layin zai ƙare. Tsinin ya ci karo da wani abu ya yi ƙara, ya ji a haƙoransa cewa bakin Hajiya ya ɓantare.

Sai hancinsa ya gaya masa. Mariyatu ta saki kunnen ta toshe hancinta da gyale. Mugunya baƙa ta biyo ƙotar, ta gangaro ta tsakanin yatsunsa har wuyan hannu. Sulaiman ya kau da kai yana ambaton Allah, amma bai saki ba. Ɗantala ya sa tsinin ya ɗago guntun waya mai tsatsa, lanƙwasasshe, ɗan ƙanƙani. Ya riƙe shi a rana yana juyawa, yana mamakin ƙanƙantarsa.

Hannun Biba ya turo kwanon ruwan zafi da gishiri ta ƙarƙashin zana. Aka wanke, aka ɗaure da atamfa mai furanni ja, ragowar ɗinkin wata amarya. Jakin ya daɗe da ƙafar a sama, sannan ya sauke ta, ya taɓa ƙasa da bakin kofato, ya ɗaga, ya sake saukewa, ya bar ta. Sulaiman ya dubi shaddarsa, ya dubi jakin, ya ce shi mota zai bi da la'asar, maganar sayarwa a bari a gani.

Da suka watse, Ɗantala ya zauna a gindin bedin, wurin da ƙasa ta yi santsi saboda zaman mutum ɗaya. Zana ta motsa, aka turo wani kwano, mangwaro ne daga cikin abin da masu gaisuwa suka kawo. Ya waiga hagu da dama, ya tsoma wuƙar cikin sauran ruwan gishiri, ya cuɗa ta sosai, domin shi ba Maiguwa ba ne. Sannan ya goga ta a cinya, gaba da baya. Ta bar layi a wandon.

Ya yanka mangwaron. Yankin ya tsaya a tsinin da ya ɓantare, ruwansa na ɗiga a ƙasa, ƙuda ya zo ya kore shi. A bayansa jakin ya taka zuwa wurin harawa, furannin ja suna ɗaukar ƙura. Ɗantala ya kai yankin bakinsa.