Jan Fenti

Tsoron Dalyop ɗaya ne, bai kuma taɓa furta shi ba: kada wata safiya ya zauna a teburin zane ya kasa ganin bakin layin da ya ja. Da difilomar zanen gine-gine ya samu aiki a wani kamfani a Alexandria ta Amurka, amma tun farkon 1984 ganinsa yake cinyewa daga gefe, kamar takardar da gara ta kama.

A gwanjon ƙofar gida ya tsinci wata roka, 'yar samfurin kumbon Apolo ta kwali da itace, shekara goma sha biyar ba a buɗe akwatinta ba. Sati uku yana haɗa ta, yana aunawa yana sake aunawa. Takardar umarni ta ce a yi mata farin fenti. Shi ya shafe ta da ja, ya cire farar lemar saukarta ya ɗinka ta jan yadi. Ya ƙudurta a ransa cewa idan ya iya bin ta da ido har ta sauko, to da sauransa a aikin.

Yayarsa Dorkas, wadda nas ce, ta tsokane shi cewa a Jos apolo ciwon ido ne, shi kuwa ya zo Amurka ya kwaso shi da hannunsa. Ya taya ta dariya.

Ranar Asabar da hantsi suka je wani fili a bayan Mitchellville. Ya jona wayoyin kunna rokar da batir, ya ja da baya, ya danna maɓalli. Ya ji ƙara, ya shaƙi warin albarushi, ya ɗaga kai. Sama fayau.

Dorkas ta ce lemar ta buɗe, ja wur, ko daga garin Lanham za a hango ta. Ya ce ai kuwa ta yi kyau. Sai ta lura ita gabas take nunawa, shi kuma arewa ya tsura wa ido. Ya ji faɗuwar rokar cikin ciyawa, taku kaɗan daga ƙafarsa.

"Tun yaushe, Dalyop?"

"Wata bakwai, Yaya. Likita ya ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba."

Ta ɗauko rokar ta sa masa a hannu. Ya shafa fukafukanta, babu wanda ya karye. Ya laluba aljihu ya miƙa mata makullin mota.

"Ke za ki tuƙa mu gida," in ji shi. "Ranar Litinin zan gaya wa kamfanin su nemi wani mai zanen."