Gilashi Na Arba'in da Bakwai

A ɗakin gwaji Uwar Shuɗi suke ce mata, don yatsunta ba sa rabuwa da rini. Aikinta ke nan: a kawo mata ɗan tsokar hanta, ta yanka siriri, ta shimfiɗa a gilashi, ta rina. Tabon da ke sandarar da hanta ya fito shuɗi, lafiyayyen nama ya fito ja.

Sabon maganin da ake gwadawa ƙwayoyin garkuwar jiki yake zugawa su cinye tabon. Kuma sun ci. Na'ura tana auna shuɗi, shuɗi yana raguwa, likitoci sai washe baki suke yi. Ita ma ta washe nata, don ita ta matsa wa yayanta mai ciwon hanta lamba har ya shiga gwajin, mutumin da ko allura ya hango sai ya nemi ƙofa.

Sai dai shuɗi kaɗai aka koya wa na'urar. Ja kuwa ba mai kallonsa sai ita.

Ranar Talata ta ɗora gilashi mai lamba arba'in da bakwai. Shuɗi ko ɗigo babu, amma jan duk ya huje kamar zanen da asu ya ci. Ta sake yankawa har sau uku kafin ta nufi ofishin babban likita.

"Likita, ƙwayoyin sun gama da tabon, amma ba su tsaya ba. Hantar suke ci."

"Gilashi ɗaya ne. Ƙila wuƙarki ce ta dakushe."

"Na wane ne?"

"Kin san doka, lamba kawai muke gani. Ki bari sai taron Alhamis."

Da la'asar ta biya gidan yayan. Ta same shi a falo yana ta raha.

"Auta, kin ga kumburin ya sace? 'Yar kasala ce kawai ta rage."

Ya juya wajen taga, sai ta ga farin idonsa ya soma rawaya. Tsoro ya kama ta sosai.

"Miƙo min kwalbar maganin can, lokaci ya yi."

Ta ɗauko. A takardar da ke jikin kwalbar an buga arba'in da bakwai.

Ya miƙo hannu yana murmushi. "Kawo mana. Ai ke kika ce kada in tsallake ko ɗaya."