Abin Da Farfesa Ya Goge

Kwalaye tara aka cika da littattafai, amma durowar ƙasa, wadda ake ajiye taswirori, tana nan a kulle. Farfesa na zaune gabanta yana juya makulli a hannu lokacin da wata mata ta yi sallama. Saura kwana uku ya yi ritaya daga Sashen Labarin Ƙasa, bayan shekara talatin da takwas yana koyar da yadda birni ke girma da abin da yake cinyewa a hanya.

Za ta kai arba'in da 'yan kai, sanye da fararen kayan ma'aikatan jinya. Ta ce an yi ta wasan ƙwallo da ita daga ofis zuwa ofis, har wani tsohon akawu ya gaya mata cewa Farfesa ne ya auna unguwar majema kafin a rushe ta. Kabarin mahaifiyarta take nema. Tana da shekara bakwai aka binne ta, bayan wata huɗu motocin rusau suka iso. Mahaifinta ya rasu watan jiya, kuma har ya koma ga Allah bai daina maganar ba.

"Na duba taswirar hukuma, Baba," in ji ta. "Babu maƙabarta a ciki. Amma ni na san na tsaya a bakinta."

Farfesa ya san dalili. A wancan lokacin ƙaramin malami ne, aka ba shi aikin auna hanyar da za ta zagaye birni. Maƙabartar ta faɗo a tsakiyar layin. Shugaban aikin ya kira shi gefe, ya ce in ta fito a takarda aikin zai kwana shekara goma, kuma rayayyu ne ke bukatar hanya. Ya koma teburinsa ya goge ta. Majema sun yi ta rantsuwa akwai mutanensu a ƙasan nan, amma takarda ta fi bakin talaka ƙarfi.

Rahoton ya sha yabo. Shi ya zama digirinsa na uku, ya zama littafin da ake koyarwa, ya zama kujerar da yake zaune a kai. Sai dai tun daga ranar bai taɓa bin hanyar ba. Yakan zagaya ko da zai ƙara rabin awa, matarsa kuwa ta gaji da tambaya ta bari. Ɗalibai sun laƙaba masa "Ina Maƙabarta", don duk kyan taswirarka in ba ka nuna inda ake binne mutane ba, sai ka sake. Abin dariya ne kawai a wurinsu.

Ya buɗe durowar. Takardar awonsa ta asali ta yi ja, gefenta ya fara karyewa. Ya shimfiɗa ta a tebur, ga lunguna, ga ramukan jima, ga tsohon tankin ruwa. A gabashin tankin akwai wani wuri da ya fi ko'ina haske, inda takardar ta sha gurza har ta kusa hujewa.

Ta ɗora yatsa a kai, ta tambayi abin da ya sami wurin.

"Ni na goge, 'yata. Da hannun nan."

Bai ɓoye mata komai ba. Ya jira ta zage shi, kusan ma yana fata. Ita kuwa ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce gobe da safe ba ta da aiki.

Da hantsi suka isa. Hanyar ta ci rabin wurin, sauran ya zama tashar manyan motoci. Ƙasa ta yi baƙi da man inji, makanikai na bugun ƙarfe, wata mai abinci tana ta kwashe wa masu lodi. Tankin kaɗai ya rage, ya yi tsatsa, an rataye tayoyi a ƙafafunsa. Daga nan Farfesa ya ja igiyar awo, ita tana riƙe da bakin. Wani direba ya leƙo ya tambaya ko tashar ce kuma za a rushe.

Awon ya ƙare tsakanin tirela biyu. Farfesa ya tsaya yana haki. Ta iso, ta dubi ƙasar, ta dube shi.

"Nan ne, Baba? Ka tabbata?"

Kalma ɗaya ce, da ya faɗe ta da ta tafi da sanyin zuciya. Kalmar ta zo masa har bakin leɓe. Amma wanda ya taɓa shiga ramin ƙarya ya san ƙurarre ne.

"Ban tabbata ba. A takarda faɗin babban yatsa na goge. A ƙasa ya fi filin ƙwallo. Tana iya kasancewa ko'ina, daga nan har ƙarƙashin kwalta."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta naɗe igiyar ta miƙa masa, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Sannan ta fara tafiya tsakanin motocin, leɓunanta na motsi, tana tsayawa nan da can kamar mai zagaya marasa lafiya gado bayan gado. Makanikai suka sassauta bugu. Mai abincin ta ajiye ludayinta.

Ta kai bakin hanya ta waiwayo, ta yi masa hannu ya taho su tafi. Farfesa ya ɗaga ƙafa, ya dubi ƙasa gabansa, ya dubi dama da hagu. Bai ga inda zai sauke ta ba.